Daga Ragon Layya Zuwa Dajin Matanda: Yadda Ruwa Da Gishiri Ke Juya Rayuwa A Duwala

Daga shekarar 2017 zuwa 2022, Babbar Sallah ta yi ta faɗowa ne tsakanin watan Yuli da farkon Satumba, wato daidai lokacin da sama ke ɓallewa a birnin Duwala, a yi kwana uku ko huɗu ba a ga ƙwayar rana ba. Duk wanda ya leƙa wuraren da ake tsugunar da raguna a New Bell da sauran unguwanninmu a waɗannan shekaru, ya ga abin da ruwa ke yi wa dabbar Arewa. Rago zai sauko daga tirela garau, bayan ya sha tafiyar kwanaki daga Marwa ko Kusiri ko ma daga cikin Chadi, dogo, tsayayye, mai cika ido. Amma kafin mako biyu sai ka gan shi yana ɗingishi, hanci na yoyo, gashi ya tashi, an zuba masa dusa ya kau da kai. A nan ne ido ke raina fata ga mai dabba, domin ragon da ya rame ko ya gurgunce ba ya layya, ga kuɗin mota, ga na abinci, ga uwar kuɗin da wani lokaci ma ta bashi ce.

Idan ka tambayi dillalai sai su ce maka canjin ruwa ne, ko kuma iskar gari ce ba ta karɓe shi ba. To, wannan magana ba ta yi nisa da abin da masana ilmin halittu ke faɗi ba. Su masanan sun kasa abin da ke cikin kowane yanki gida biyu. Akwai masu rai, wato tsirrai da dabbobi da ƙwari har da ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani. Akwai kuma marasa rai, irin su ruwan sama da zafi da danshin iska da hasken rana da irin ƙasar wurin da gishirin da ke cikin ruwansa. Waɗannan marasa ran su ne ke tantance wanda zai zauna a wuri ya hayayyafa, da wanda zai zo baƙunta ya koma ko ya mutu. Mu da muke zaune a Duwala, asalinmu kuma na Arewa, kullum muna cikin wannan darasi, ko da ba mu ba shi suna ba.

Bari mu fara da lissafi. Ruwan da ke sauka a Duwala a shekara guda yana kaiwa milimita 3,500 zuwa 4,000. Ma'ana, da ƙasa ba ta shanye shi, bai kuma gangara teku ba, da ya haɗiye ɗaki har rufinsa. A Marwa kuwa abin da ake samu bai wuce kimanin milimita 800 ba, shi ma cikin wata huɗu zuwa biyar, sauran shekarar rani ne. Watan Agusta kaɗai a Duwala yakan zubar da ruwan da ya kusa na shekara guda a Marwa. Ta fuskar zafi ma haka abin yake. A nan ma'auni yana yawo ne wajen digiri 27 kusan duk shekara, ba sanyin hunturu na a zo a gani, ba kuma zafin bazara irin na Marwa da ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Abin da muke da shi shi ne gumi, domin iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta da wurin ɗaukar wani.

Wannan danshi shi ne abokin gabar ragon Uda da Balami. Jikinsu an yi shi ne don tafiya mai nisa a kan busasshiyar ƙasa, ga dogayen ƙafafu, ga kofato mai tauri. Da zarar kofaton ya kwana biyu cikin taɓo sai ya yi laushi, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa, ya fara ruɓewa. Tsutsar ciki ma haka. A Arewa rana ce ke kashe ƙwanta a kan ciyawa da rani, a nan kuwa ciyawar ba ta bushewa, saboda haka dabba na ci tana ƙara kwasa. Amma mai karatu ya dubi gajerun awaki da tumakin ƙauyukan Basa da na hanyar Edeya, waɗanda mukan raina saboda ƙanƙantarsu. Suna yawo cikin ruwan nan lafiya lau, domin kakanninsu sun daɗe suna fama da shi har jikinsu ya saba.

HANYAR DA KAYANMU KE BI

Wanda ya taɓa yin tafiya daga Kusiri zuwa Duwala ya ratsa kusan duk irin yanayin da Afirka ke da shi, shi ya sa ake yi wa Kamaru kirari da ƙaramar Afirka. A can ƙurya ƙaya ce ke mulki: bagaruwa da aduwa da magarya, masu ƙananan ganye don kada rana ta zuƙe musu ruwa. Kuka takan kaɗe ganyenta da rani ta zauna da ruwan da ta adana a cikinta. Gawo kuwa ya saɓa wa kowa, da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar, saboda saiwarsa na nutsawa can ƙasa inda ruwa yake, shi ya sa manomi ba ya sare shi a gona, gero na samun rana a ƙarƙashinsa da damina, dabba na samun abinci da rani. A filayen Diyamare kuma akwai baƙar laka mai riƙe ruwa wadda Fulani ke kira karal. A kanta ake dasa masakwa bayan ɗaukewar ruwa, ta girma ta nuna ba tare da ɗigon ruwan sama ko ɗaya ba. Ka kai wannan dawa kan jigawa a wannan lokaci, ko mako biyu ba za ta yi ba. Ruwan sama ɗaya ne ya sauka a kan filayen biyu, ƙasar ce ta bambanta.

Daga Garwa in aka hau tsaunin Adamawa sai a iske Ngawundare, a tudun da ya haura mita 1,000. Tudun ya sa wurin ya yi sanyi, ga ciyawa wadatacciya, shi ya sa ya zama gidan shanun Gudali. Tun da layin dogo ya isa can a 1974, daga nan ne ake loda shanu masu yawa da ake yankawa a Yawunde da Duwala. Me ya hana a yi kiwon nasu a nan kusa, a huta da kuɗin jirgi? Babban dalili shi ne ƙudan tsando mai kawo sammore. Wannan ƙuda ba ya jure rana da bushewa. Macensa ba ta zuba ƙwai kamar sauran ƙudaje, ɗa guda take haifa a lokaci ɗaya, ta ajiye shi a ƙasa mai laima ƙarƙashin inuwa. Inda duk aka sami kurmi da danshi, to ya sami gida. Ko tsaunin Adamawan ma bai tsira ba, domin ƙudan ya mamaye wani sashe nasa daga wajen shekarun 1950, makiyaya suka yi ta gudu, sai da gwamnati ta shafe shekaru tana feshi tun daga tsakiyar shekarun 1970 kafin wasu makiyayan su komo.

Abin da ya hana saniya zama a Kudu shi ne ya ba goro wurin zama. Bishiyar goro tana son inuwa da ruwa mai yawa, ba ta yi a ƙasar Hausa, alhali kuwa Bahaushe ba ya ɗaurin aure ko suna sai da ita. Wannan saɓani ne ya sa kakanninmu suka ɗaura kaya suka nufi Gwanja ta yamma, wasu kuma suka biyo ta Banyo zuwa ƙasar Banso da sauran tsaunukan yammacin Kamaru, suna kawo kanwa da fata da tufafi, suna komawa da goro. Idan aka bi salsala, zamanmu a New Bell ɗin ma yana da nasaba da cewa abin da ke tsirowa a can ba ya tsirowa a nan.

Har yau kuma haka muke. Gero ba ya yi a Duwala, domin ruwa na wanke furensa, zangarniyar da ta samu ta fita kuma fumfuna ta cinye ta kafin ta bushe. Albasa sai da sanyin hunturu da busasshiyar iska take yin kai, saboda haka daga Marwa da Garwa ake kawo ta, kuma duk ɗan kasuwar Sandaga ko Ndokoti ya san buhunta ba ya jiran ciniki, in ya daɗe sai ya tsiro ko ya ruɓe. Uwargida ta ajiye kuka ko busasshiyar kuɓewa ba ta rufe da kyau ba, sai ta iske sun dunƙule. Mai kilishi ya shanya nama a watan Yuli, sai dai ya nemi taimakon wuta. Ita fumfunar nan halitta ce mai rai, ta sami yanayin da take so ne. Sauro ma haka. A Arewa zazzaɓin cizon sauro yana da lokacinsa, shi ya sa ake raba wa yara maganin rigakafi a watannin damina a can. A nan kuwa ba watan da sauro ke hutu. A madadin gero, ƙasar nan mai yashi da tsami, wadda ruwa ya wanke mata taki, ta yarda da rogo da makabo da agade da kwakwar manja, su ne kuma abincin masu gari.

In rana ta fito bayan ruwa, daga Bonaberi akan hango Dutsen Kamaru, wanda tsayinsa ya ɗan haura mita 4,000. Shi kaɗai ya tattara darasin nan gaba ɗaya. A gindinsa ta gefen teku akwai ƙauyen Debunsha, inda ruwan shekara ke kaiwa wajen milimita 10,000, yana cikin wurare mafi ruwa a duniya. Mai hawa kuwa, duk mita 1,000 da ya ƙara sai zafi ya ragu da kimanin digiri 6, ya fita daga kurmi ya shiga ciyawa, daga ciyawa ya shiga baƙin dutse tsirara inda sanyi ke sa haƙora kaɗawa. Dutsen ya yi aman wuta a 1999 da 2000. Irin wannan toka ta tsaunuka masu aman wuta ce ta mai da ƙasar wannan yanki da ta Mungo mai albarka, inda ake noman ayaba da masoron Penja da ya yi suna har Turai.

DAJIN DA KE TSAYE CIKIN RUWAN GISHIRI

Sai dai abin da ya fi ba mu mamaki, kuma ya fi shafar rayuwarmu, yana nan bayan gari, kuma da yawanmu an haife mu a Duwala ba mu taɓa shiga cikinsa ba. Muna nufin dajin da 'yan ƙabilar Duwala ke kira matanda, wanda a littattafan makaranta ake ce wa mangurob. Shi ne koren dajin da mutum ke gani daga kan gadar Wouri ko in jirgin sama zai sauka, ya bi bakin ruwa tun daga Yupwe har tsibirin Manoka.

Wurin da wannan daji yake, a ƙa'ida bai kamata bishiya ta rayu ba. Koguna uku ne, Wouri da Mungo da Dibamba, ke zuba ruwan daɗi a wuri guda, teku kuma na turo nata na gishiri. Sau biyu a kowace rana ruwa ke cika ya kuma janye, bambancin kan kai wajen mita 2. Wata ne ke jan ruwan, shi ya sa cikar ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen daren sha huɗu. Mu da muke lissafi da watan Musulunci ba mu buƙatar wani jadawali kafin mu san wannan. Ƙasar wurin kuma taɓo ce baƙa mai wari, wadda in ka tona ta ɗan yatsa guda babu iska a ciki. Gishiri na zuƙe ruwa daga saiwar shuka, rashin iska kuma na shaƙe ta. Ka dasa mangwaro a nan, kwanansa ƙidayayyu ne.

Matanda kuwa ta sami dabarar kowace matsala. Irin da ya fi yawa a nan, mai jan itace, saiwoyinsa daga jikin kututture suke fitowa, su lanƙwasa su sauka cikin taɓo kamar ƙafafun gizo. Su ne ke tallafe bishiyar a ƙasar da ba ta da ƙarfi, kuma a jikinsu akwai 'yan ƙofofi da suke shaƙar iska idan ruwa ya janye, su aika ta can ƙasa. Saiwar tana tace ruwa, ta bar mafi yawan gishirin a waje. Akwai wani irin kuma da ke barin gishirin ya shiga, sannan ya fitar da shi ta ganye, har in ka lasa ganyen sai ka ji shi. Shi wannan saiwoyinsa tsirowa suke daga ƙasa zuwa sama kamar an kafa fensira dubu. Hatta haihuwarta daban take. Ƙwayar jar matanda tun tana kan uwa take tsirowa, ta yi tsawo kamar 'yar sanda mai tsini, in ta faɗo ta cake cikin taɓo, ko ruwa ya ɗauke ta ya yi ta yawo da ita har ta sami wurin zama. Da yake ruwan daɗi ya yi yawa a bakin Wouri, gishirin bai yi tsanani ba, bishiyoyin na samun sarari su yi tsawo, akwai inda suke wuce mita 30. A gaɓar tekun ƙasashe masu ƙarancin ruwan sama, irin su arewacin Senegal, danginsu ba su fi tsayin mutum biyu ko uku ba.

Dabbobin wurin su ma sun bi tsarin ruwan. Akwai wani kifi mai idanu a saman kai da ke fitowa kan taɓo yana tsalle da ƙegensa, yana numfashi ta fata muddin jikinsa na jiƙe. Akwai ƙaguwa mai hannu ɗaya babba, wadda ke shiga rami ta toshe ƙofa idan ruwa ya taho. Tsakanin saiwoyin kuma nan ne ɗakin renon kifi da jatan lande, domin manyan kifaye ba sa iya kutsawa, ga ganyen da ke ruɓewa ya zama abinci. Da rani, idan koguna suka ja baya, gishiri kan hau can cikin kogi, kifin teku ya biyo shi. Da damina ruwan daɗi ya kore su. Masunta da wannan suke aiki. Sunan ƙasar nan ma daga nan ya fito. Turawan Fotugal da suka shigo bakin Wouri wajen shekarar 1472 sun iske ruwan cike da wata halitta mai kama da jatan lande, wadda kan fito da yawan gaske bayan 'yan shekaru, sai suka kira wurin Kogin Jatan Lande da harshensu, daga kalmar ne aka sami Kamaru.

To ina ruwan mai shago a New Bell da wannan daji? Ruwansa kuwa har wuya. Yawancin Duwala a kwari take, 'yan mitoci kaɗan sama da teku. New Bell kanta ta samo asali ne daga shirin Jamusawa na tayar da 'yan Duwala daga bakin kogi zuwa bayan gari, rikicin da ya kai ga rataye Sarki Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agusta, 1914. Masu garin da yawa sun ƙi wurin, baƙi ne suka cika shi, cikinsu har da Hausawa, kuma wuri ne mai fadama tun asali. Ruwan unguwanni yana bin rafuka irin su Nguwa da Mbopi da Tongo Basa ya gangara kogi. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi a daidai lokacin da teku ta cika, rafukan ba su da inda za su zubar, sai su dawo da baya su shiga ɗakuna. Da can fadamu da dajin matanda ne ke karɓar wannan rarar ruwa su baza shi. Yanzu birnin ya haura mutum miliyan 3, kowa na neman inda zai kafa ɗaki. Dubi Bois des Singes da ke kusa da filin jirgin sama, wanda sunansa ke nufin dajin birai. An sare, an cike da shara da ƙasa, an yi gini. Wanda ya ga ambaliyar watan Agustan 2020, lokacin da unguwanni da dama suka koma tafki, 'yan bensikin suka rasa hanya, ya san ruwa ba ya manta gidansa.

Akwai kuma maganar rijiya. Ƙasar nan yashi ce, ruwa kuma na kusa ƙwarai, a wasu gidaje in ka tona mita 1 ko 2 ka same shi. Masai na nan, rijiya na can taku kaɗan, yashi kuma ba ya tare komai. Ƙwayar cutar kwalara tana son ruwa mai ɗumi mai ɗan gishiri-gishiri, irin wanda muke da shi. Annobar 2004 da ta faro daga Bepanda a watan Janairu, ta bazu zuwa New Bell da Nailon, ta kwantar da dubban mutane, ba daga sama ta faɗo ba.

Ba gini kaɗai ke cin dajin ba. Itacen matanda yana da nauyi, yana ci ko da ɗanye ne, yana kuma ba kifi launi mai kyau, shi ya sa a sansanonin masunta, inda da yawansu 'yan Nijeriya ne, da shi ake banda kifin bonga. Jan itacen da ake saukewa daga kwale-kwale a kai wa masu gidan burodi da masu gashi a cikin gari, har da masu tsire, yawancinsa daga can yake. Ba ma ganin laifin mai neman abinci, amma ya kamata a san cewa inda aka share matanda ba lallai ita ce ke dawowa ba. Akwai wata kwakwa da ake kira nipa, wadda aka kawo Kalaba daga Singafo a 1906, 'ya'yanta suka biyo ruwa har gaɓar Kamaru. Da ta sami fili sai ta mamaye, kuma ba ta da saiwoyin da ƙananan kifi ke ɓuya a ciki. A Kap Kamaru, can bakin teku, ruwa ya ci gidaje har wata doguwar eriyar sadarwa da aka kafa a kan tudu ta koma tsaye cikin ruwa. A 2018 gwamnati ta ɗaga gandun Duwala-Edeya, wanda aka keɓe tun 1932, zuwa matsayin gandun daji na ƙasa, ya haɗa da wani babban yanki na matanda. Takarda dai ta fita, tsaron daji mai ƙofa dubu ta ruwa kuwa wani aiki ne daban.

AYU DA BAƘUWAR CIYAWA

Wani misali da ya nuna cewa ba sai an sare bishiya ko an harbi dabba ake kashe su ba, ya faru a tafkin Osa da ke kusa da Dizange, a gefen kogin Sanaga. Tafkin nan gidan ayu ne, dabbar nan ta ruwa mai shayarwa da mutanen Binuwai suka sani, wadda ciyawa ce mafi yawan abincinta. Wajen 2016 zuwa 2017 sai wata ciyawa mai yawo a kan ruwa kamar kainuwa, mai suna salbiniya, 'yar asalin Kudancin Amurka, ta fara yaɗuwa, cikin 'yan shekaru ta rufe kusan rabin tafkin. Ta tare hasken rana, iskar cikin ruwa ta ragu, ciyawar da ayu ke ci ta mutu, ayu ya yi ƙaura, masunta suka rasa inda za su jefa koma. Masu bincike sun gano cewa sinadaran taki sun ƙaru a ruwan, wasu kuma na danganta hakan da sauyin da madatsar Lom Pangar, wadda aka cika a wannan tsakani can saman Sanaga, ta kawo wa tafiyar kogin. Wani masani ɗan ƙasar nan, Aristide Takoukam Kamla, da ƙungiyarsa ta AMMCO, suka shigo da wani ɗan ƙwaro da ba ya cin komai sai wannan ciyawa, suka sake shi a tafkin, ciyawar ta ja baya sosai, aka fara ganin ayu kuma. Wannan aiki ya sa aka ba shi lambar yabo ta Whitley a Ingila a 2024.

Mutanen Arewa Mai Nisa sun riga mu ganin irin wannan. A 1979 aka gina madatsar Maga da shingen bakin Logon don noman shinkafa, ambaliyar da ke shayar da filayen yayre kowace shekara ta ragu. Ba wanda ya taɓa ciyawar da hannu, amma mai ɗorewa ta mutu, marar amfani ta maye gurbinta, kifi ya ragu, mariya da sauran namun dajin Waza suka ragu, makiyaya suka watse. Da aka sake buɗe wata mashigar ruwa a 1994, sai ciyawar ta soma dawowa, kifi da shanu suka biyo ta. 'Yan'uwanmu na Hadeja da Nguru su ma suna da nasu labarin da ciyawar kacalla tun bayan madatsun Tiga da Challawa.

Masu dashen matanda a bakin Wouri suna cin karo da wannan ƙa'ida a aikace. Akan ga ƙungiyoyi da 'yan makaranta sun fita da riguna iri ɗaya an dasa dubban tsirrai, an ɗauki hoto. Abin da ba a cika komawa a duba ba shi ne nawa suka rayu bayan shekara. Tsiron matanda yana da iyakar da yake so: ruwa ya rufe gindinsa na 'yan sa'o'i, ya kuma janye ya bar shi ya sha iska. In aka dasa shi can ƙasa inda ruwa ke daɗewa, sai ya nutse. In wurin an riga an cike shi da ƙasa ya yi tudu, ko wani gini ya toshe hanyar da ruwan teku ke shigowa, sai ya bushe. Shi ya sa ƙwararru kan fara da gyara hanyar ruwan tukuna, su fasa abin da ya toshe ta, su daidaita tudun. A wuraren da aka yi haka, kuma akwai iyayen bishiyoyi a kusa, sau da yawa ruwan da kansa ne ke ɗauko 'ya'yan ya kawo su, su cake cikin taɓo ba tare da kowa ya dasa ba.